Waƙar kantiri mai jita ɗaya: wuyar da suka sha ce ke kama zuciya ko iya tsara magana?

Dan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu jin waƙoƙin kantiri na Amurka ce. Marigayi mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yana da Fijo 504, kuma kaset biyu ne ba sa barin aljihun motar: ɗaya na Shata, ɗaya na Don Williams. Daga Kaduna zuwa Funtuwa haka za a yi ta juya su. A na Don Williams ɗin akwai wata waƙa da suka yi da Emmylou Harris, If I Needed You, wadda in ta zo Baba yakan rage gudu, ban san dalili ba.

Watan jiya na neme ta a YouTube, sai na tarar ashe ba shi ya rubuta ta ba, wani ne mai suna Townes Van Zandt. Na bi sawunsa. Muryarsa ko kusa ba ta kai ta Don Williams zaƙi ba, wani wurin har rawa take yi, kiɗan kuma jita ɗaya tal. Amma wallahi har ƙarfe biyu na dare ina zaune a tsakar gida da waya a kunne, sauro na cizona. Turancina na sakandare ne, rabi nake tsinta, duk da haka tsikar jikina ta tashi.

Ni dai a ganina mutanen nan abin da ya same su suke rerawa, shi ya sa yake shiga jiki. Wanda bai sha wuya ba, ba zai iya irin wannan waƙa ba. Ko akwai mai ja?

Kawu_Rediyo:
Wa'alaikumussalam. Allah Ya gafarta wa mahaifinku. Ka tuno min da zamanin zaɓen waƙoƙi a rediyo, lokacin da ake aiko kati a gaishe da 'yan uwa. Jim Reeves, Don Williams, Kenny Rogers, Dolly Parton, su ne ba sa yankewa. Jim Reeves ya rasu a haɗarin jirgin sama tun 1964, amma shekara ashirin bayan nan yana raye a shagunan teloli da gidajen malaman makaranta. Don Williams kuwa har Harare ya je ya yi wasa a 1997 saboda yadda Afirka ta karɓe shi. Abin da ya sa muka so su, suna furta kalma a hankali, ɗan firamare ma zai iya binsu.

Sarkin_Gardama:
Ni mai ja ne, kuma da hujja. Dan_Tudun_Wada, Townes ɗin da kake ganin ya fito daga talauci ɗan gidan masu hali ne a Texas, dangi ne da ake ji da su tun kafuwar jihar. Shi ya zaɓi yawo da kwana a bukkoki. Johnny Cash kuma da ya yi suna da waƙar fursuna, har ya ɗauki faifai a kurkukun Folsom a 1968, bai taɓa zaman ɗaurin gidan yari ba, kwanan caji ofis kawai ya yi jefi-jefi. To ina maganarka ta tsaya?

Dan_Tudun_Wada:
Kai Sarki, ka fara da wuri haka? To amma ai wuya ba talauci kaɗai ba ce.

Malam_Kallamu:
Nan kuma ɗan'uwa ya yi gaskiya. Townes ya yi fama da taɓin hankali tun yana saurayi, har likitocin lokacin suka yi masa wani magani na insulin mai jefa mutum cikin dogon suma, abin da ya goge masa yawancin tunanin ƙuruciyarsa. Daga baya giya da ƙwaya suka riƙe shi. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1997 yana da shekara 52, ranar da ta yi daidai da rasuwar Hank Williams, wani babban mawaƙin kantiri da giya ta riƙe shi ma, wanda ya cika a kujerar bayan mota ranar 1 ga Janairun 1953 yana da 29 kacal.

Sai dai ni ban yarda wuyar ce ta rubuta waƙar ba. Mashaya nawa ne a Texas? Me ya hana su duka rubutawa? Bari in kawo John Prine, wanda ni a wurina shi ne babba a cikinsu. Ɗan aiken gidan waya ne a gefen Chicago, yana zagaya unguwanni da jakar wasiƙu yana haɗa baiti a ka. A faifansa na farko, 1971, bai wuce shekara 25 ba, amma ya yi waƙa da bakin tsoho wanda 'ya'yansa suka watse, shi da matarsa suna zaune a gida ɗaya hira ta ƙare musu. Ya yi wata da bakin mace mai matsakaicin shekaru da aure ya ishe ta. Ya yi ta sojan da ya dawo daga yaƙi da jarabar allura, alhali shi soja ya yi a Jamus yana gyaran motoci, bai ga fagen fama ba. Bai tsufa ba, bai zama mace ba, bai yi yaƙi ba. Ido gare shi, da kunne. Ya ga tsofaffin da yake kai wa saƙo, ya lura da yadda suke tsayawa a bakin ƙofa suna son a ɗan yi musu magana. Wannan lura ita nake kira gaskiyar waƙa.

Gurmi77:
Malam, kamar Ɗan Maraya Jos kake siffantawa. Kuntigi mai tsirkiya ɗaya, jikinsa gwangwanin kifi, amma da ya yi wa karen mota waƙa sai da kowa ya ga yaron nan da idonsa, da dauɗar rigarsa da baƙar wahalarsa. Ya bar sarakuna ya kalli wanda ba a kallo.

Binta_Damagaram:
Ni tambaya ce da ni. Mene ne bambancin wannan da kantirin da muka sani? Mu nan Nijar Faransanci muka yi, Turancin Ingilishi sai kame-kame, amma gidanmu ma an ji Don Williams. Na ga ana rubuta wani abu wai kantirin gefe, ban gane ba.

Malam_Kallamu:
Malama Binta, a taƙaice haka abin yake. Tushen yana ƙauyukan kudancin Amurka da tsaunukan Appalachia. A 1927 wani ma'aikacin kamfanin faifai, Ralph Peer, ya kafa na'ura a garin Bristol ya ɗauki Jimmie Rodgers da iyalan Carter, daga nan abin ya zama sana'a. Nashville ta zama hedikwata. Wajen ƙarshen shekarun 1950 furodusoshi irin su Chet Atkins suka goge kiɗan, suka rage kaifin gogen ƙauye suka zuba taushi da 'yan amshi don ya shiga kasuwar birni. Jim Reeves ɗin Kawu daga wannan gyaran ya fito.

To duk lokacin da Nashville ta cika gyara, sai wasu su ɓalle. Willie Nelson ya tattara ya koma Texas, shi da Waylon Jennings suka dage sai an bar su sun ɗauki waƙa yadda suke so. A 1990 wasu samari daga Belleville ta jihar Illinois, ƙungiyar Uncle Tupelo, suka gauraya tsofaffin waƙoƙin ƙauye da kiɗan rok mai hayaniya. Faifansu na farko ya ari sunan wata tsohuwar waƙar iyalan Carter, No Depression, kuma har mujalla aka kafa da sunan a 1995. Su da irinsu ake kira 'yan gefe: ba su cika samun shiga manyan gidajen rediyon kantiri ba, kuma marubucin waƙar yawanci shi ne mai rera ta.

Binta_Damagaram:
Na gode Malam, Allah Ya ƙara sani.

DirebanTexas:
Bari in sa baki tunda ni a cikin abin nake kwana. Shekara shida ke nan ina jan tirela a ƙasar nan. Rediyon kantiri na yau, in ka kunna daga Dallas zuwa Memphis, waƙa goma za ka ji amma kamar ɗaya ce: mota a-kori-kura, giya mai sanyi, yarinya da wandon jins, hanyar ƙasa. An maimaita har ya zama tallar kaya.

Wata rana na sauke kaya kusa da Nashville, wani abokin aiki Bature ya ja ni wani ɗan wuri, Bluebird Cafe. Ƙarami ne, bai kai cin mutum ɗari ba. Marubuta huɗu suka zauna a tsakiya suna fuskantar juna, kowa da jitarsa, mu muna kewaye da su har gwiwata na taɓa kujerar ɗaya. In ka yi hira za a ce maka shiii. Wani dattijo mai furfura, ko sunansa ban riƙe ba, ya ce zai yi waƙa a kan ranar da ya je kwashe kayan mahaifinsa bayan rasuwa. A waƙar ko sau ɗaya bai ce ya yi baƙin ciki ba. Lissafa abin da ya tarar a aljihun kwat kawai ya yi: rasit, makullin da ba a san ƙofarsa ba, alewar da ta narke ta manne da takarda. Ni da na bar Kano ban samu jana'izar tsohona ba, sai na ji maƙogwarona ya toshe. Na fita waje na tsaya kusa da motocin mutane kamar mai neman wani abu.

Maman_Ikram:
Allahu Akbar. Allah Ya jiƙan Baba. Wannan alewar ta tsaya min a rai.

Sarkin_Gardama:
Allah Ya jiƙansa. Amma Direba, ka san waɗannan marubutan da yawansu ma'aikata ne? A Nashville kamfanonin ɗab'in waƙa na biyan mutum kuɗi, a haɗa shi da wasu biyu a ɗaki da safe, kafin la'asar su fito da waƙa. Me ya tabbatar maka akwai kwat ɗin ma?

DirebanTexas:
Babu abin da ya tabbatar min. Amma na san tsohona yana ajiye goro a aljihu har ya bushe.

Gurmi77:
Kun san kuwa banjo ɗin da suke taƙama da shi namu ne? Gurmi ne suka sace suka canza masa suna.

Malam_Kallamu:
A yi a hankali, Gurmi. Daga Afirka ta Yamma asalinsa yake, wannan babu ja. Bayin da aka kwasa ne suka riƙa haɗa shi da ƙwarya da fata, har Thomas Jefferson ya rubuta cewa daga Afirka suka zo da shi. Amma masu bincike sun fi danganta shi da akonting na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya, da danginsa irin su ngoni na Mali. Gurmi da molo da garaya 'yan uwansa ne, ba lallai iyayensa ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka share baƙaƙen fata daga tarihin. Wanda ya koya wa Hank Williams jita baƙi ne mai kiɗa a titi, Rufus Payne. Wanda ya riƙa raka A.P. Carter, na iyalan Carter ɗin nan, ƙauye-ƙauye yana haddace masa karin waƙoƙi, Lesley Riddle, shi ma baƙi ne. Yanzu irin su Rhiannon Giddens ne ke tono wannan.

DirebanTexas:
Har yau da saura. Na taɓa zuwa wani wasa a wani gari da ba zan ambata ba, tun daga wurin ajiye motoci na ga tutar 'yan tawayen kudu, waɗanda suka yi yaƙi don kare bautar da baƙaƙen fata, a bayan a-kori-kura uku. Na kalli fatata, na koma mota na kunna abina a waya. Waƙar tana sona, wasu masu jinta ne ba sa sona.

Abu_Sumayya:
Ni fa ina ta karantawa ina mamaki. Hank Williams ɗin nan ya kashe kansa da giya yana da shekara 29, ku kuna ta yabo. Wane darasi ne a ciki? A ji tsoron Allah.

Nas_Hauwa:
Malam Abu_Sumayya, a wani ɓangaren ina tare da kai. Akwai masu ɗaukar lalacewar mawaƙi kamar ita ce shaidar gaskiyarsa, kuma wannan tunanin ya ci rayuka. Steve Earle almajirin Townes ne, har ya raɗa wa ɗansa sunan malamin. Shi ya sha da ƙyar bayan ƙwaya ta kai shi gidan yari, amma ɗan nasa, Justin Townes Earle, ƙwaya ta kashe shi a 2020. Babu abin burgewa a nan.

Amma dubi Jason Isbell ɗan Alabama. Sai da ya daina sha sannan ya yi faifan da ya fi kowane nasa, a 2013. A ciki akwai waƙar wani mutum da abokiyarsa mai ciwon daji, suna zaune suna raha, kowa ya san abin da ke tafe amma babu mai kiran sunansa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha ɗaya a ɗakin mata. Wallahi haka ake yi. 'Yan uwa su zo da kwanon farfesu, a yi ta zancen bikin da za a yi bayan sallah, mara lafiyar tana dariya tana cewa a ajiye mata anko, ta fi kowa sanin ba za ta sa shi ba. Ban taɓa jin wanda ya faɗi wannan abin daidai ba sai Baturen nan. Ranar da na fara jin waƙar ina cikin Keke Napep, sai da na ja mayafi na rufe fuska.

Abu_Sumayya:
Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ni dai na faɗi tawa.

Maman_Ikram:
Tun ɗazu maza kuke ta lissafawa. Ina Loretta Lynn? 'Yar mai haƙar kwal ce daga Kentucky, an yi mata aure tana yarinya, ta haifi shida. Ta yi waƙa a kan miji mai dawowa gida a buge, ta yi a kan matar da ke bin mijinta, a 1975 kuma ta fitar da ta ƙwayar tsarin iyali, gidajen rediyo da dama suka ƙi sakawa. Ita kam abin da ta gani a ɗakinta take faɗa, don haka maganar Dan_Tudun_Wada ba ta faɗi ƙasa ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko a Kentucky.

Sannan Lucinda Williams. Faifanta na 1998 cike yake da sunayen garuruwan Louisiana, Lake Charles, Lafayette. Ban san ko ɗaya ba, amma yadda take kiransu sai in ji kamar ana ce min Gumel, Malam Madori, Haɗeja, hanyar gidan kakata.

Sarkin_Gardama:
To Hajiya, ga wata macen. Gillian Welch. In kika ji ta sai ki rantse a cikin tsaunuka aka yanke mata cibiya, marainiya mai tallar itace. A New York aka haife ta, a Los Angeles ta girma a hannun iyayen riƙo masu rubuta waƙoƙin shirin barkwanci na talabijin, ta kuma yi makarantar kiɗa ta Berklee. Da faifanta na farko ya fito a 1996 wasu masu sharhi sun ce shigar burtu ce. Yau kuma ana lissafa ta cikin manya. Ko Merle Haggard da ya yi zaman kurkukun San Quentin da gaske, a waƙarsa cewa ya yi ɗaurin rai da rai aka yi masa, alhali an sake shi a 1960. Wanda ya fi kowa gaskiya ma sai da ya ƙara gishiri.

Kawu_Rediyo:
Yaro, gishiri ai shi ne miya. Ku dubi Johnny Cash a ƙarshen rayuwarsa. Nashville ta yar da shi, sai wani furodusan rap da rok, Rick Rubin, ya zaunar da shi da jita kawai a 1994. A 2002, yana da shekara 70, murya ta tsage, ya ɗauki waƙar wani saurayi ɗan rok, Trent Reznor, wadda aka rubuta a kan allura da ƙuncin ƙuruciya. A bakin Cash sai ta koma ta tsoho mai kallon kabari. Matarsa June ta rasu a Mayun 2003, shi ya bi ta a Satumba. Harafi ɗaya bai ƙirƙiro ba a waƙar in ban da ɗan gyara, amma wa zai ce ƙarya yake? Mu da gwiwa ta fara ciwo mun san abin da muka ji.

YaroMaiBeat:
Iyayenmu ku yi haƙuri, amma wannan duk kiɗan barci ne 😂 Na gwada Townes ɗin minti biyu na kashe.

Gurmi77:
Bari ka kai arba'in, ko budurwa ta yi aure ta bar ka, ka dawo mu yi magana.

YaroMaiBeat:
Ta riga ta yi, kuma Hamisu Breaker na ji na warke.

Nas_Hauwa:
Kada ku raina shi, nasa ma zuciya ce. Kuma ba tsofaffi kaɗai ke jin abin ba. Zach Bryan yana sojan ruwa ya riƙa ɗaukar kansa da waya yana sakawa a YouTube, gumi na zuba, babu situdiyo, yanzu filin ƙwallo yake cikawa, kuma yawancin masu zuwa sa'anninka ne, Yaro.

Malam_Kallamu:
Akwai maganar da ake jingina wa Harlan Howard, ɗaya daga manyan marubutan Nashville, cewa waƙar kantiri kamu uku ne na jita sai gaskiya. Kowa na maimaita rabin gaskiyar, ana mantawa da kamu ukun. Sauƙin kiɗan ne ke tilasta wa kalma ta tsaya da ƙafarta, don babu ganga ko na'urar gyaran murya da za ta ɓuya a baya. Guy Clark, abokin Townes, da hannunsa yake sassaƙa jita, kuma haka yake yi wa baiti, ya yi ta fiƙe shi. Da mahaifinsa ya rasu, a kan wuƙar uban ya yi waƙa, wadda ya taɓa ara yana yaro ya karya mata tsini, uban ya mayar da ita aljihun tebur bai ce masa uffan ba. Shirun uban nan ya fi kuka ɗari.

Dan_Tudun_Wada:
Na karanta duka, har sau biyu. Sarki, na sallama maka rabi: ba sai abu ya sami mutum ba. Amma har yanzu ina ganin wanda bai taɓa rasa kowa ba, ba zai san cewa alewar aljihu ce abin ambato ba. Zai tsaya yana cewa zuciyata ta karye, hawaye na zuba.

Jiya na kira Hajiyarmu na tambaye ta dalilin rage gudun Baba. Ta yi dariya ta ce ita ba ta san wata waƙa ba, abin da ta sani kaset ɗin yana tauna a daidai wurin, shi ya sa yake sassautawa ya sa hannu ya danna shi.

Sarkin_Gardama:
😂😂 Ka gani ko? Shekara talatin kana gina labari a kan kaset mai tauna.

Maman_Ikram:
Ko kuma yawan mayar da wurin baya ne ya sa ya fara taunawa. Ku maza ba kwa lura.

Binta_Damagaram:
Don Allah wani ya rubuto min sunan mai wasiƙun nan daidai, na nema ban samu ba. Kuma da wace waƙa zan fara?

DirebanTexas:
John Prine. Fara da Paradise, ta garin iyayensa a Kentucky da haƙar kwal ta cinye. Korona ce ta ɗauke shi a Afrilun 2020. Na taɓa bi ta yankin da kaya, na so in tsaya in ga kogin da yake ambata, amma lokacin sauke kaya ya matse ni. Zan shiga hanya yanzu, sai na tsaya shan mai.

Kawu_Rediyo:
Allah Ya kiyaye hanya. Dan_Tudun_Wada, kaset ɗin yana nan? In yana nan kada ka jefar, ina da biro da abin goge kai, na san yadda ake warware shi.